Tayar da Ke Sacewa Babu Ƙusa

Bariatu na kicin tana dama koko ta ji bokiti ya bugi katanga a bayan gida. Ba ta ko leƙa taga ba, ta san taya ce ta sake sacewa. Ta kashe wuta, ta kawar da tukunyar can ƙurya inda hannu ba zai kai gare ta da sauri ba, domin ta san mijinta.

Motar da ake wannan bala'i a kanta tsohuwa ce ƙirar Ingila, koriya, mai kujera biyu, ta girmi Bariatu nesa ba kusa ba. Wilinta irin na keke ne, sifok na ƙarfe sun sarƙe da juna suna walƙiya. Mijinta Abdul-Shakur, direban tasi a Washington, ya sayo ta a shekarar 2008, watan da suka koma wannan gida a Wheaton. Ubansa direban wani Bature ne a Accra, Baturen kuwa yana da irin wannan ƙaramar motar wadda yake tuƙa kayansa da kansa. Abdul-Shakur yana yaro shi ke wanke ta kullum safe, ba a taɓa cewa ya zauna a ciki ba ko da wasa. Da ya samu tasa, sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Daga sallar asuba zai jawo tiyo, ya kwarara mata ruwa, ya bi sifok ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da soso da tsohon burushin haƙori. Da matarsa ta samu rubu'in wannan kulawa, da tuni ta yi ƙiba.

Damina na kamawa tayoyin suka fara sacewa. Yau ta gaba, jibi ta baya. Ya kai wa masu faci, a ciro tif ɗin ciki, a ga 'yar huda kamar bakin allura, a duba tayar sama da ƙasa babu ƙusa babu kwalba. A liƙe, a mayar, kwana kaɗan wata ta kwanta. Motar da sai ranar Lahadi take fita, ta zaga unguwa ta dawo, ina ta ga ƙusa? Abdul-Shakur ya yi ta juya tambayar nan a ransa har ya samo amsar da ta yi masa daɗi: mutum ne yake soke masa taya.

Mutumin kuwa ba nesa yake ba. A ɗakin ƙasa yayan Bariatu yake zaune, Abdul-Kabir, dattijo mai furfura a gemu, wanda ya zo daga Kumasi da bizar ziyara ta ƙare tun tuni bai koma ba. Ba shi da takarda ko ɗaya. Gyaran takalma yake yi wa 'yan gari a ɓoye, abin da ya samu ya aika wa 'ya'yansa. Shi ya riƙe Bariatu bayan rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita. Laifinsa guda ne, ba ya iya riƙe dariya. Ranar da aka kawo motar ya zagaya ta ya ce wannan ai amalanke ce aka yi wa fenti. Abdul-Shakur bai manta ba.

Bariatu ta ji takunsa ya ratsa falo ya gangara ƙasa. Ta bi shi da gudu. Kafin ta isa har ya cafki wuyan rigar yayanta ya ɗaga shi daga kan tabarma, ɗaya hannun riƙe da basillar ɗinkin takalmi.

"Da wannan kake yi, ko ba haka ba? Munafuki! Kana cin abincina kana soke mini mota!"

"Akonta, ka ji tsoron Allah," in ji Abdul-Kabir, yana kiransa da sunan da mutanen Kumasi ke kiran suruki. "Ni me motarka ta yi mini?"

Abdul-Shakur bai ba shi amsa da baki ba. Ya gwara kan dattijon da bango, ya sake gwarawa, ya dunƙule hannu ya kai masa a baki. Haƙori ɗaya ya faɗo kan siminti. Bariatu ta rungume hannun mijinta ta rataya a kai da duk nauyinta, ya girgiza ta ta faɗa cikin tulin takalman mutane.

"Baban Raheema, don girman Allah! Yayana ne!"

"Yayanki ne, motata ce." Ya caka basillar a jikin ƙofa ta tsaya tana rawa. "Wallahi taya ta sake kwanciya sau ɗaya, ɗaya kawai, in ban fasa kanka ba zan kira imigireshan su kwashe ka. Ka zaɓa."

Da ya fita, Bariatu ta kawo ruwan gishiri da ƙanƙara. Yayanta ya kurkure baki ya tofar da jini, ya ɗauki haƙorin ya duba, ya ce dama yana girgiza, an rage masa zuwa asibiti. Ta ji kamar ta mare shi don wannan dariyar. Ta ce ya tattara kayansa ya koma wajen wani. Ya ce wajen wa? Duk wanda ya sani a Silver Spring, unguwar da ke kusa da su, mutum huɗu ne a ɗaki, kuma Abdul-Shakur ya san ƙofofinsu, waya ɗaya zai buga a kwashe su gaba ɗaya. Batun 'yan sanda kuwa ba wanda ya tayar, domin tambayarsu ta farko suna ne, ta biyu takarda. Bariatu ta zauna kan matakala. Ta ga dai hanya ɗaya ce ta rage, wato kada tayar nan ta sake sacewa.

Aikin kula da tsofaffi take yi a Largo, kuma ranar ba ta da aiki sai yamma. Abdul-Shakur ya sa wa motar tayar safaya, ya jingina wilin da ya sace a jikin katanga ya tafi tasi. Ta mirgina shi, ta cicciɓa da ƙyar ta sa a bayan motarta, ta nufi wani shagon taya a bakin babban titi, inda ta san akwai wani mutumin Jos mai suna Chuwang da ke jin Hausa.

Chuwang ya ga wilin ya yi fito. Ya ce rabonsa da irin wannan tun yana koyon aiki. Ya ɓare tayar a hankali, ya zaro tif, ya hura ya tsoma a ruwa. Kumfa ta fito.

"Madam, zo ki gani. Hudar nan ta wane gefe take?"

"Ta ciki."

"Ta ciki, wajen ƙarfe. Mai soka daga waje ta ina zai bi ya zo nan? Sa hannunki a nan."

Ta shafa cikin wilin. Kowane sifok yana da kai da ya leƙo ciki, a jere kamar maɓallan riga, duk sun yi tsatsa, sun yi kaifi. Robar da aka naɗe su da ita ta ruɓe ta zama dagwalo. Ɗaya ya yanke ta a yatsa.

"Kin ji ko? Su ne ke cin tif. Ruwa ke shiga ta ramukan sifok, ya kwanta a ciki ba ya bushewa. Wa ke wanke motar nan?"

"Maigidana. Kullum safe, da tiyo."

"Kullum?" Chuwang ya yi dariya. "To shi ne ɓarawon kansa. Irin wannan wili tsumma ake jiƙawa a goge, ba a yi masa wanka kamar jariri."

Ya kankare tsatsar da burushin ƙarfe, ya goge kawunan da magagari har suka yi sumul, ya shafa fenti, ya bari ya sha iska, ya ɗaura sabuwar ɗamarar roba a kansu. Ya leƙa cikin tayar ya ɓare wata 'yar takardar kamfani da ke manne, ya ce ita ma tana goge tif har ta huda shi. Ya barbaɗe sabon tif da hoda don kada ya naɗe, ya mayar ya hura. Ya ce wannan ya warke, amma sauran ma haka cikinsu yake, ta kawo su duka, kuma a raba motar da tiyo.

Bariatu ta dawo gida zuciyarta wasai, tana ganin magana ta ƙare. Wautarta ke nan. Ta ɗauka gaskiya Abdul-Shakur yake nema.

Ta bari ya ci abinci, 'yarsu Raheema ta haye sama da littattafanta, sannan ta durƙusa gefensa ta faɗa masa komai, har ta nuna masa yankan da ke yatsarta. Ya saurara yana sakace. Da ta zo kan batun tiyo sai ya ajiye tsinken.

"Wato ni ne."

"Ba haka na ce ba, Baban Raheema. Ruwan ne yake..."

"Ni da nake wanke irin motar nan tun ba a haife ki ba. Baturen Accra bai taɓa yin faci ba koraa, ko sau ɗaya. Sai yau wani mai faci ɗan Jos zai koya mini? Wa ya ce ki taɓa mini wili?"

Marin ya same ta a kunne, ta ji duniya ta yi ɗif. Ya kama yatsar da ta nuna masa ya lanƙwasa ta baya har ta yi ƙara ta kasa tsayawa a kan gwiwarta. Ya ce ita da yayanta bakinsu ɗaya, sun je sun sayi mai shaida. Ya ce alkawarinsa na nan daram. Washegari da asuba ta ji ƙarar tiyo a bayan gida, ya ma fi na kullum daɗewa, don ta ji.

Ta gangara wajen yayanta da yatsa a ɗaure. Ta ce ranar Juma'a Abdul-Shakur kan fita da wuri, daga tasi ya wuce masallaci, sai la'asar yake dawowa. Su cire wilin biyu su kai wa Chuwang su mayar kafin ya dawo, sauran kuma wata Juma'ar. In an naɗe sabuwar roba, ko yana zuba ruwa za a daɗe ba a ga faci ba. Abdul-Kabir ya daɗe yana kallon yatsar. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Auta, saboda ni ake yi miki wannan."

"Yaya, ni dai ka riƙe guduma, hannuna ba zai iya ba."

Juma'a ta zo da rana mai zafi. Abdul-Shakur ya fita, Raheema ta shiga motar makaranta, maƙwabta suka watse wajen aiki. Abin da Bariatu ba ta sani ba, mijinta bai yi nisa ba. Tun ranar da ta taɓa wilin yake ajiye tasi a layin baya da safe, ya zauna da gilashi a sauke yana kasa kunne.

Wilin irin wannan mota ba noti biyar ne ke riƙe shi ba. Wata babbar hula ce mai kunne biyu a tsakiya, wadda ake buga wa gudumar dalma har ta kwance. Suka ɗauko gudumar a but ɗin motar, suka kafa jak a gefen dama. Abdul-Kabir ya buga kunnen ta yadda kowa ya san ana kwance noti. Bai motsa ba. Chuwang ya manta bai gaya mata cewa na gefen dama a juye ake kwance su ba, don haka duk bugun da dattijon ya yi ƙara ɗaure hular yake. Ya yi gumi, ya cire hularsa, ya riƙe gudumar da hannu biyu yana dannawa. Ƙarar ta cika layin. Bugu ɗaya ya kuɓuce ya sami sifok, biyu suka lanƙwashe.

A daidai nan ƙofar shinge ta buɗe. Abdul-Shakur ya tsaya yana kallon surukinsa tsugune da guduma a gaban motarsa, matarsa na riƙe masa jak. Fuskarsa har wani haske ta yi, irin na mutumin da aka daɗe ana ƙaryatawa.

"Akonta, tsaya ka ji, gyara muke..."

Ya take masa ƙirji da ƙafa, dattijon ya faɗi rigingine, gudumar ta faɗi gefe. Abdul-Shakur ya ɗauke ta. Bugun farko ya sami hannun da Abdul-Kabir ya ɗaga ya kare fuska, Bariatu ta ji ƙashin ya karye kamar busasshen kara. Ta yi tsalle ta hau bayan mijinta, ta kafa masa haƙora a wuya, ta ja kunnensa. Ya ja da baya da ƙarfi ya matse ta da jikin motar, haƙarƙarinta ya bugi madubi, numfashinta ya ɗauke, ta zame ƙasa. Tana kwance tana neman iska ta ga yayanta yana rarrafe da hannu ɗaya ya nufi ƙofar kicin. Ta ga gudumar ta tashi. Ta sauka a gefen kansa, saman kunne, da wani sauti mara ƙara.

Abdul-Kabir ya kife bai motsa ba. Abdul-Shakur ya tsaya a kansa yana haki. Ya dubi gudumar, ya dubi jinin da ke bin siminti, sai ƙarfin ya zube daga jikinsa. Ya yar da ita ya ja baya.

Bariatu ta ja jiki ta isa wurin, ta cire ɗankwalinta ta danne raunin. Tana kiran Yaya, Yaya, tana lalubar wayarta a aljihu. Sai dattijon ya buɗe ido. Ya yi tari, ya kama wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya.

"Kada ki kira."

"Yaya, kanka ya fashe."

"In motar asibiti ta zo, 'yan sanda na bayanta. Yarana ba su gama makaranta ba. Auta, na roƙe ki."

"Gaskiya ya faɗa," in ji Abdul-Shakur daga nesa. "Kin ga ai ya tashi. Ki ɗaure masa kawai. Ni ba zan kira kowa ba, na yafe maganar imigireshan."

Shi ne ma mai yafewa! Bariatu ba ta ko dube shi ba. Yayanta take kallo, ga shi ya tashi zaune, yana magana daidai, ya san ranar, ya san sunanta. A wajen aikinta an koya musu cewa duk tsohon da ya bugu a ka a kira motar asibiti nan take, ko da ya tashi yana rawa. Ta sani sarai. Amma mutumin da ya goya ta tana ƙarama ne yake roƙonta, bai taɓa roƙonta komai ba. Ta mayar da wayar aljihu.

Suka kama shi suka shigar falo, suka kwantar a doguwar kujera. Ta ɗaure hannun da katako da zane, ta wanke raunin, ta sa ƙanƙara. Abdul-Shakur ya wanke jinin waje da tiyo, ya yi wanka, ya sa farar riga ya ce zai je masallaci kada mutane su ga ba ya nan. Ya fita bai haɗa ido da kowa ba.

Abdul-Kabir ya sha ruwa. Ya ce kansa na sarawa amma ba komai. Har ya ce mata a gaya wa mai shagon nan notinsa ya fi shi taurin kai. Bariatu ta yi dariya tana hawaye, ta ji sanyi a ranta, ta ce a zuciyarta Allah ya rufa asiri. Ya tambaye ta takalman wata mata da ya yi alkawarin gamawa yau. Ta ce za ta ba matar haƙuri. Can ya sake tambayar takalman, kamar bai tambaya ba. Sai ya yi amai. Ya ce barci yake ji, ta bar shi ya ɗan runtsa.

"Yaya, kada ka yi barci. Yi mini hira. Faɗa mini sunayen yaranka."

Ya faɗi na fari. A na biyu harshensa ya yi nauyi. Ta girgiza shi, ta tsunkule shi, ya fara wani irin minshari mai ja. Ta ɗaga fatar idonsa, ta ga baƙin idon dama ya buɗe ya cika, na hagu yana nan ƙarami. Ta taɓa ganin wannan a Largo, a jikin wata tsohuwa da ta faɗi a banɗaki, kuma ta san yadda aka ƙare.

Ta danna lambar gaggawa, yatsarta mai ciwo na zamewa. Wata mata ta ɗauka, ta tambayi adireshi cikin natsuwa. Bariatu ta faɗa. Matar ta tambayi abin da ya faru, ta ce mijinta ne ya bugi yayanta da guduma a ka. Matar ta tambaya tun yaushe. Bariatu ta dubi rana a taga, ta ga har ta karkata daga kan shinge.

"Tun kafin azahar," ta ce.

Matar ta ce ta sa kunne a bakinsa ta gaya mata ko yana numfashi. Bariatu ta ajiye wayar a kan kujera, ta sunkuya ta ɗora kunnenta a kan gemun yayanta. Ta jira. Matar na ta kira daga cikin wayar, tana cewa motar na hanya, tana tambaya ko tana jin ta. Bariatu ba ta ɗaga kai ba, ta ƙara manna kunnen, tana ta jira.